Mento Na Ce, Ba Mental Ba

Auta tana kicin tana goge bayan tukunya ta ji Baba ya ƙwala mata kira daga falo, kuma da cikakken sunanta, wanda rabonta da jin shi a bakinsa tun ranar da ta fasa masa tabarau. Ta ɗauraye hannu ta fito.

Baba yana zaune riƙe da waya, Umma tana gefen kujera ta zuba tagumi.

"Zauna," in ji Baba. "Yanzu mahaifiyar Dogo ta kira ni. Ta ce a dakata da maganar aurenku."

Auta ta nemi wuri ta zauna a ƙasa. "Me na yi, Baba?"

"Wai mun ɓoye musu kina da taɓin hankali. Wai duk Asabar kina zuwa wurin mental."

Da a wata rana ce da dariya za ta yi har da hawaye. Yau hawayen ne kawai suka zo. "Mento, Baba. Mento na ce mata, ba mental ba."

"To ni ma ɗin mene ne bambancinsu?" Umma ta tambaya a hankali.

Ga yadda abin ya faro. Tun Auta tana sakandare ba ta da buri sai na zama nas. Da ta gama tana jiran samun gurbi a makarantar koyon aikin jinya, Dogo ne ya ba ta shawarar kada ta zauna haka. Dogo mai haɗa sola ne, a kan rufin gidansu ya fara ganinta, ya kuma yi ta dawowa duba wata wayar lantarki da lafiyarta ƙalau har Baba ya gane ba wayar ake dubawa ba. Shi ya ce ta nemi irin shirin nan da ake haɗa matasa da wani babba da ya san hanya, ya riƙa yi musu jagora. Jagoran ne yaran zamani suke kira mento.

Shiri biyu ta samu. Na farko na Anti ne, babbar yayar Dogo, mace mai tsada wadda ƙamshin turarenta yake riga ta shiga ɗaki. Auta ta je sau ɗaya. Zaure ne cike da matasa, ga lasifika, ga tafi, Anti tana kan dandamali tana cewa kowa ya ce "Ni babba ne", ana cewa. Aka ɗauki hotuna aka watse, babu wanda ya tambayi Auta ko sunanta.

Na biyu na wata ƙungiyar mata ma'aikatan lafiya ne, su kuwa yarinya ɗaya suke haɗawa da mace ɗaya. Aka haɗa ta da wata nas mai furfura da kowa ke kira Sista. Ranar farko Sista ta ture takardun gabanta ta dube ta.

"Na ji abin da kike so. Yanzu faɗa mini abin da kike tsoro."

"Jini," in ji Auta, tana jin kunya.

"Madalla. Wadda ta ce ba ta tsoron komai ita nake tsoro."

A nan zuciyarta ta zauna. Sai dai Sista a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa take aiki, can ƙarshen asibiti, bayan wata ƙofa mai shuɗin fenti. Ta wannan ƙofar Auta take shiga duk Asabar. Ranar da ta je gaishe da Hajiya, mahaifiyar Dogo, aka tambaye ta daga ina, ta ce daga wurin mento ɗinta. Ashe bayan fitarta Hajiya ta juya wurin Anti, mai Turancin gidan, ta ce, "Ba shi ne mental ɗin nan ba?" Anti da bakinta, wadda ita kanta mento ake kiranta, sai ta taɓe baki ta ce ita dai da idonta ta ga yarinyar tana shiga shuɗiyar ƙofa. Ba ta yi ƙarya ba, amma Allah ya raba mu da irin wannan gaskiyar.

"Akwai mafita," in ji Baba bayan Auta ta gama bayani. "Hajiya ta ce idan lafiyarki ƙalau, ki daina zuwa can, ki koma shirin 'yarta. Shi ne shaidar da take so."

"Baba, can ba a koya mini komai."

"Ba koyo ake magana ba yanzu. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Za ki rasa miji saboda wata Asabar?"

Ba a saba mayar wa Baba magana a gidan ba. Auta ta koma kicin ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita.

Da yamma Dogo ya zo, ko kayan aiki bai cire ba. Suka tsaya a bakin gate, shi yana juya makullin babur a hannu.

"Na yi mata bayani har muryata ta dushe," ya ce. "Cewa take so ne ya rufe mini ido. Auta, please, ki koma wurin Anti na ɗan lokaci. In an yi auren sai ki yi abin da kike so."

"Kai ne fa ka ce in zaɓi inda za a saurare ni."

"Na ce. Ban san za ta kai mu nan ba."

"In na bari yau, me na ce wa duniya? Na ce da ma ina da ciwon, an kama ni ne na gudu. Kuma na ce matan da ke bayan ƙofar nan abin kunya ne. Akwai wata tsohuwa a can, ba ta yarda kowa ya taɓa kanta sai ni. In ce mata me?"

"Ni fa? Ni za ki ce mini me?"

Wannan tambayar ta soke ta, don tana son Dogo so na gaske, irin wanda ko ƙarar baburinsa ta ji sai ta gyara ɗankwali. Ta share ido da bayan hannu.

"Ba zan yi wa Hajiya rashin kunya ba, ba zan kuma ce da Anti komai ba. Amma ranar Asabar zan tafi."

Ya tada babur ya tafi ba sallama.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Baba ya daina amsa gaisuwarta sai da kai. Maƙwabciyarsu ta hana 'ya'yanta shigowa gidan, don magana zarar bunu ce, ta riga ta zaga layi. Auta tana kiran Hajiya ta gaishe ta, wayar ta yi ta ringing har ta katse, gobe ma ta sake. Dogo kuwa shiru. Ta rame, ta yi kuka a banɗaki inda Umma ba za ta ji ba. Wata Asabar ta kwashe komai ta faɗa wa Sista, tana jiran a ce mata ta dage.

"Ba zan zaɓar miki ba," in ji Sista. "In kin tafi ba zan riƙe ki a rai ba, in kin zauna ba zan yi miki alkawarin zai dawo ba. Abu ɗaya zan ce: kada ki bari baƙin ciki ya sa ki zagi uwarsa, ko a zuci. Tsoro ne yake damunta, kuma a nan wurin mun san tsoro."

Auta ta zaɓi ci gaba da zuwa.

Ranar da abin ya zo ƙarshe lokacin ziyara ne. Tana tsakar gidan ɓangaren, a kan benci, tsohuwar nan tana zaune a gabanta tana taje mata kai a hankali, tana fara warware ƙarshen gashin kafin tushe kamar yadda Sista ta koya mata. Ta ɗago ido sai ga Dogo a bakin ƙofa, bayansa Hajiya, ta ƙanƙame jakarta a ƙirji. Auta ba ta saki matajin ba, don tsohuwar takan firgita in aka tsaya mata a tsakiya.

Ta ji Dogo yana cewa, "Mama, gani ya kori ji. Amma kafin ki tambayi kowa, ki sani ko da a kan gadon asibiti muka same ta, ni ita zan aura. Na ɓata lokaci ina rantse miki lafiyarta ƙalau, kamar in ba ƙalau ba shi ke nan."

Hajiya ba ta ko dube shi ba. Sista ta matso za ta yi bayani, ta ɗaga mata hannu. Hannun Auta take kallo, yana shiga cikin farin gashin nan yana fita. Ta tako a hankali ta zauna a ƙarshen bencin.

"Hajiya, ina wuni," in ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa.

Sai Hajiya ta ce, "Ina da ƙanwa. Dogo bai san da ita ba, yayarsa ma ba ta sani ba. A ɗakin baya aka kulle ta, ta taga muke miƙa mata abinci. Har ta rasu babu wanda ya taɓa kanta. Da aka zo yi mata wanka, aske gashin aka yi, ya ƙi tajuwa." Hawaye suka gangaro mata. "Ni ce babba. Ni ya kamata in shiga."

Tsohuwar ta juyo ta dubi baƙuwar da ke kuka, ta ce, "Ke ma kin zo kitso? Bi layi."

Hajiya ta yi dariya cikin kukan. Ta ajiye jakarta a ƙasa, ta dubi Auta. "'Yata, ki yafe mini. Nuna mini yadda ake riƙe mata kan."

Auta ta kama hannun surukarta ta ɗora shi a hankali a kan tsohuwar.

Ba a yi wata guda ba aka ci gaba da maganar aure daga inda ta tsaya. Anti ta zo gidan da kanta ta ba da haƙuri, ko da yake rabin haƙurin a kan kujera ta bar shi, Auta kuma ba ta nemi ragowar ba. Baba har yau in ya tashi tsokana sai ya ce mata 'yar mental, ya kuma fi kowa dariya.

To, 'yan uwana matasa, in za ku zaɓi mai yi muku jagora, kada girman zaure ko yawan hoto ya ruɗe ku, kada kuma ku zaɓa don gudun ɓacin ran wani. Ku nemi wanda zai tambaye ku, ya kuma jira amsa. In zaɓin ya jawo muku magana, ku riƙe gaskiyarku da ladabi, ku yi haƙuri, don mahaƙurci mawadaci ne. Iyaye kuma, kalmar da ba ku gane ba ku tambayi mai ita kafin ku yanke hukunci.