Wanda Ya Karce Rim

Da safiyar Asabar Auta ta dawo daga asibitin da take aikin jinya, idonta cike da barci. Tana taka ƙofar gidansu santsi ya kwashe ta, ta zauna daɓas cikin ruwan kumfa. Fararen kayan aikinta suka koma kalar ƙasa.

Ta bi ruwan da ido. Daga gidan da ke sama da nasu yake gangarowa, inda sabon maƙwabcinsu ya durƙusa gaban wata mota ruwan toka, yana zura ɗan buroshi a lungunan rim, wato ƙarfen tsakiyar taya, kamar mai wanke wa jariri kunne.

"Malam! Da kai nake! Layin nan gadonka ne?"

Ya miƙe da sauri, tsumma a kafaɗa. Dogo ne, mai sanyin murya.

"Subhanallahi, sannu. Ba ki ji ciwo ba?"

"Kalli kayana!"

"Ki yi haƙuri, laifina ne. Amma don Allah ɗan matsa, jakarki tana gogar fenti."

Auta ta kalle shi, ta kalli motar. Ta ja tsaki ta shige gida. Tun ranar ta raɗa masa suna Mai Tsumma.

Malamin lissafi ne, shi da mahaifiyarsa kaɗai a gidan, motar kuwa ita ce ta farko a rayuwarsa. Kafin wata Asabar ya haƙa wa ruwan hanya, ya kuma aiko mata da sababbin kayan aiki. Da kanta ta je mayar masa.

"Ce maka aka yi ba ni da kaya?"

"A'a. Riƙe min wannan, man goge motar ya fara bushewa."

Kafin ta farga, tsumma mai laushi yana hannunta. Ya nuna mata yadda ake shafa man siriri, a bari ya yi fari-fari, sannan a goge a hankali. Ba a wanki cikin rana, in ji shi, kuma sabulun kwanuka yana cinye ƙyallin fenti. Bokitin kumfa daban, na ɗauraya daban.

"Duk wannan wahalar saboda ƙarfe?" ta ce. Amma ba ta ajiye tsumman ba, sai da ta ga fuskarta a murfin injin, tasa a gefe yana murmushi.

Da yamma saƙo ya shigo.

"Sarauniyar Faɗa, mota ta yi ƙyalli, amma gidan ya yi shiru tun da kika tafi."

Ta rubuta: "Mai Tsumma, je ka yi hira da tayarka." Ta kife wayar, tana dariya ita kaɗai.

Da zancen ya kai kunnen Abbanta, ya ajiye jarida.

"Wannan mai durƙusa wa mota? Wanda ya ba ƙarfe zuciyarsa, me ya rage wa mace? Ga Dakta nan na wurin aikinki, mutum mai hankali, yana ta sintiri."

"Abba, ni Dakta bai kwanta min ba."

"To shi ma wancan bai kwanta min ba."

Dakta ma ya gane inda hankalinta ya karkata. Wata Asabar da aka yi ruwa, ya zo a motarsa da gudu ya taka kududdufi da gangan, ya watsa wa motar taɓo, ana gama goge ta. Mai Tsumma ya tare shi, murya ta tashi. Abba ya fito yana dogara sanda, ya nufi Mai Tsumma.

"A ƙofata za ka ci wa baƙona mutunci saboda fenti? Ka kiyaye ni! Wata rana sai ka tashi ka tarar da motar nan a karce!"

Auta ta sallami Dakta a ranar, ta ce kada ya sake zuwa wurinta. Abba ya daina amsa gaisuwarta sai da ka.

Ba a jima ba makaranta ta tura Mai Tsumma taro a wani gari. Ranar da ya dawo, Auta na shirin fita aiki saƙonsa ya shigo.

"Ki gaya wa Abbanki na ga ya cika alkawarinsa. Na gode."

Ta karanta, ta sake karantawa. Ko takalmi ba ta sa daidai ba ta isa gidansu. Yana tsugune gaban motar. Rim ɗin duk sun dusashe, zane-zane ko'ina kamar kaji sun yi tono.

"Me kake nufi da wannan saƙon?"

"Ke ma da kunnenki kika ji abin da ya faɗa."

"Mahaifina? Mutumin da ciwon gwiwa ya sa yake salla a kan kujera, shi zai tsallako gidanku ya durƙusa yana karce maka ƙarfe? Ka tambayi kowa kafin ka ɗora masa?"

"Auta, wa kuma zai..."

"Kar ka sake kiran sunana! Na ɓata da Abba saboda kai, ashe gaskiya ya faɗa. Ka auri motar!"

Hayaniyar ta fito da mahaifiyarsa daga kicin.

"Wai me ake karcewa? Ƙafafun motar? Ai ni na wanke maka su. Na ga baƙi ya kama su, ruwa ya ƙi fitarwa, na sa soson ƙarfe na tukunya na dirje. Hannuna har yanzu ciwo yake."

Mai Tsumma ya buɗe baki ya kasa rufewa.

"Mama, ƙurar birki ce..."

"Ko ta mece ce! Au, dattijon mutane ka zarga? Ka ji kunya, wallahi." Ta juya ga Auta. "'Yata, kar ki saurara masa da wuri."

Ba ta saurara masa ba kuwa. Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Na yi kuskure, hasken idona. Fushi ya rufe min ido."

"Ko zagina ne ki yi, shirun nan ya fi ƙarfina."

Ko ɗaya ba ta amsa ba. Tana kuka a ɗaki, tana wanke fuska ta fita aiki.

Ba ta faɗa wa Abba komai ba, don haka ta yi mamaki ranar da ta jiyo muryar Mai Tsumma a falo. Ta laɓe bayan labule. Yana durƙushe, kansa a ƙasa.

"Abba, na zarge ka da abin da ba ka yi ba. Na ce kai ka lalata min mota. Na zo ka yafe min."

Abba ya buga sanda a ƙasa.

"Ni? Da furfurata? Kai, yaron nan ba ka da ta ido!"

Ya yi faɗa har ya yi tari. Mai Tsumma bai ɗago ba, bai kuma kare kansa ba. Can Abba ya sassauta murya, ya dube shi.

"Da ka yi shiru, ai da ban sani ba. Me ya kawo ka?"

"Ba zan iya neman 'yarka da wannan a tsakaninmu ba."

"Hmm. Tashi ka zauna a kujera. Ke kuma mai laɓe, ƙafarki ta fito, kawo masa ruwa."

Ta dire kofin gabansa da ƙarfi har ruwan ya fantsama.

"Ban huce ba," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Na sani, Sarauniya. Zan jira."

Sai da ta ja masa rai son ranta. Wata safiya ta same shi yana bin rim ɗin da ruwa da sanfefa mai laushi, takardar nan ta goge ƙarfe, yana fitar da zanen kaɗan-kaɗan. Ta tsaya a kansa.

"Ka tsallake nan. Matsa, ba ka iya ba."

Ya matsa, idonsa ya ciko.

Bayan damina aka ɗaura aure. Da za a tafi da amarya, Abba ya kira su biyun, ya kama hannun Auta ya sa a nasa.

"Ga ta nan. Faɗa ne da ita, a wurina ta gado. Kai kuma saurin zargi. Allah ya ba ku zaman lafiya, don ku biyun nan kuna bukatarsa fiye da kowa. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai sanyin hali."

Falon ya ɗauki amin da dariya. Auta na kuka cikin mayafi, ta matse hannun mijinta, shi ma ya matse nata.