Gobara a Rumfar Gerold Masassaƙi

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti aka kira Sufeto Kienzle kasuwar zamanin dā, wadda ke ci kowace shekara a dandalin tsohon gari, inda kowa ke sa tufafin mutanen dā. Rumfar Gerold Stotz, mai sassaƙa cokula da 'yan tsana, ta ƙone ƙurmus. Maƙwabcinsa Wendelin, mai giyar zuma, ya ƙone a hannu.

Kienzle ya iso yana jan ƙafa. Duk watan nan 'yan yankan aljihu yake bi cikin sanyi.

"Da safe na zo daga gida, na tarar da wuta," in ji Wendelin.

"Da safa a ƙafa ka taho, ba takalmi, a kan ƙanƙarar nan?"

Wendelin ya sunkuyar da kai. "A rumfata na kwana, Yallaɓai, kuma an hana. Amma na ga mutum da alkyabba yana zuba wani abu."

"Wane ne?"

"Haba Yallaɓai! Nan ko mai shara alkyabba gare shi."

Sufeto ya tona tokar da sanda. Ga ƙusoshi, ga kwaɗo, ga warin fetur. Babu gizago, babu wuƙar sassaƙa ko ɗaya.

Ya sami Gerold a motar da shi da matarsa ke kwana a ciki, zaune cikin rigarsa ta fata, yana haki. Matarsa Irmtraud na ba shi magani.

"Ina kake ajiye kayan aikinka?"

"A rumfa. Gadon mahaifina ne."

"Ƙarfe ba ya zama toka, Baba. An kwashe su kafin a sa wuta. Wanda ya ƙona rumfar ba ya so ka rasa su." Ya juya ga Irmtraud. "Mama, ina kike da asuba?"

"Barci nake."

"Alkyabbarki da ke rataye can a jiƙe take."

Ta dubi alkyabbar. Sannan ta durƙusa, ta jawo ƙunshin kayan aikin daga ƙarƙashin gado, ta ɗora wa mijinta a cinya.

"Ni ce. Likita ya ce zuciyarsa ba za ta ƙara ɗaukar wannan sanyin ba. Na roƙa, na yi kuka, 'ya'yanmu sun roƙa. Tun ina amarya nake binsa kasuwa-kasuwa da tsumman mutanen dā. Na gaji, Sufeto. Ban san Wendelin na kwance a tasa rumfar ba."

"Irmtraud," in ji Gerold, "da kin faɗa mini..."

"Yau na fara faɗa?"

Kienzle bai fito da ankwa ba. Ya riƙe mata ƙofa kawai.

A bakin matakalar motar ta waiwayo ga mijinta. "Farar ƙwayar, bayan abinci ake shan ta. Kada ka haɗa ta da giya."

Ita da Sufeto suka ratsa kasuwar a hankali, suka nufi ofishin 'yan sanda. Masu algaita sun fara busa, maƙeri na hura wuta, kowa ya kawar da kai.