Maɗinki da Itacen Kasko

A wani zamani an yi wata tsohuwa mai ɗan itacen fadama a kasko. Ta yi shekara arba'in tana rage masa saiwa da rassa, bai wuce kamu ɗaya ba. Shi kaɗai ya rage mata daga garinsu da ruwa ya cinye.

Da tafiya ta kama ta, sai ta bar wa maƙwabcinta maɗinki amanarsa. Masu sharri na cewa ni ne maɗinkin, alhali bai kai ni kyau ba.

Ta ce, "Ɗana, ruwa dai, kada kaskon ya bushe."

Kullum ya zuba ruwa, kullum ya zuba ruwa. Da sanyi ya shigo, ganyen ya yi ja, ya zube. Tsoro ya kama maɗinki. Ya kwashe jan ganyen ya ɓoye a hula, ya ɗinka wa rassan ganyen tsamiya da koren zare.

Tsohuwa ta dawo ta tambaya, "Bai zubar da ganye ba?"

"Ko ɗaya, Iya."

Idonta ya cika da hawaye. "To, an musanya mini. Nawa duk sanyi yakan yi ja ya zubar, kamar na bakin rafinmu."

Maɗinki ya tuɓe hula. Ya miƙa mata jan ganyen da ke ciki.

Ta shinshina ganyen. Sannan ta ce, "Ƙanshin gida. Tafi ka warware aikinka."

Amma fa ɗinkin ya yi kyau, wannan ni shaida ne.