Sandar da Ba a Auna Ba

"Ba zan shiga gasar ɗaga ƙarfen nan ba, Sauda."

Tsaye na miƙe daga kan tabarma. "Me ka ce, Yaya Jalo?"

"Akwai wani mutumin Bauchi da zai zo, an ce kilo ɗari da goma yake ɗagawa. Ni kuwa wata uku ke nan ina kan casa'in, na kasa wucewa. In je in sha kunya a gaban Gombe kaf?"

Hawaye ne suka cika mini ido. Ba kunyarsa nake tsoro ba, maganar Baba nake tunawa. Mahaifina Malam Babayo shekara ashirin yana awon auduga, kuma yadda yake duban buhu haka yake duban mutum. Da dangin Jalo suka zo neman aurena bara, cewa ya yi, "Yaron nan ya fara ɗinki ya bari, ya fara tuƙi ya bari. In na ba shi 'yata ma barin ta zai yi. Ya riƙe abu ɗaya ya kai shi ƙarshe, sannan mu yi magana."

Abin da Jalo ya riƙe kuwa har dariya ya ba mutane: ɗaga ƙarfe! A shekarar da samari ke yayin sabon babur da wando mai faɗin ƙafa, shi da abokansa shida suna wani kango a unguwar Shamaki suna nishi. Elias, ma'aikacin jirgin ƙasa, shi ne malaminsu. Su suka zuba siminti a garwa, suka kai kasuwa aka ɗora a sikeli, suka rubuta nauyin da fenti, suka soke garewanin da wata sandar ƙarfe da suka ciro daga matacciyar babbar mota. Kullum bayan sallar asuba suna can. Ranar da Jalo ya makara, har gida Elias yake zuwa ya taso shi.

"In ka fasa, Baba ya yi gaskiya ke nan," na ce. "Ni ba na ce ka ci ba... ka dai je, don Allah!"

Ya daɗe yana kallona. "Saboda ke, hasken idona. Amma kar ki zo kallo."

Na je mana! Janet matar Elias ce ta biyo mini, muka samu gefen mata a filin wasa. Da na hango Baba zaune cikin dattawa da carbinsa, sai na ja mayafina na rufe fuska.

Ƙarfen gasar daga Kaduna aka kawo shi, sai sheƙi yake yi. Aka kira Jalo, ya nemi casa'in. Ya sunkuya, ya ja numfashi, ya fizga... sai ga ƙarfe ya tashi sama kamar faifai, har ya yi taga-taga zai faɗi ta baya! Ya ajiye, ya tsaya yana duban hannayensa.

"Alƙali, an yi kuskure," ya ce. "Wannan bai kai casa'in ba."

"Casa'in ne cif, malam."

Aka sa ɗari, ya ɗaga. Mutumin Bauchi ya ɗaga ɗari da goma, ya gwada ɗari da sha biyar ya kasa. Elias ya daka tsawa daga gefe, "Jalo, ɗari da ashirin!"

Jalo ya sunkuya ya kama ƙarfen. Ni ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Jijiyoyin wuyansa suka tashi, ƙafafunsa suka kafe a ƙasa, ƙarfen ya hau ƙirjinsa, ya ɗan tsaya, sannan ya miƙe sama a hankali har hannayensa suka daidaita. Wannan ne Jalon da ake yi wa dariya? Janet ta rangaɗa guɗa, abokansa shida suka ruga suka ɗauke shi cak, ni kuwa kuka nake ina "Allahu Akbar" ban ma sani ba.

Da taro ya fara watsewa, Baba ya tako har inda suke. Jalo ya durƙusa.

"Baba, wallahi ban san yadda aka yi ba. Casa'in nake ɗagawa a gida."

"Kun auna siminti," in ji Baba. "Sandar fa?"

Elias ya dafe kai. "Kai! Sandar motar nan! Ba mu taɓa ɗora ta a sikeli ba!"

Baba ya ce, "Kilo talatin ce, ko da ɗan ɗoriya. Tun ranar farko na gani."

"Ranar farko, Baba?" in ji Jalo.

"Ta bayan kangonku nake komawa gida daga masallaci. Shekara guda, ko ranar da aka kwana ana ruwa, sai na ji ƙarar garewanin nan." Ya dubi Jalo. "Da na faɗa maka, da ka zo nan da sanin za ka ci. Ni so nake in ga ko za ka zo alhali kana ganin faɗuwa za ka yi."

Ya juyo ya hango ni laɓe a bayan Janet, na rufe fuska da mayafi.

"Tashi, Jalo," ya ce, muryarsa ta yi laushi. "Ka ce wa kawunka ya zo ranar Juma'a. Na ba ka."