Dolon da Ya San Ƙofa

Alhaji Daudu ya kai ɗan ƙanwarsa Zaharadeen caji ofis a Kazaure, ya ce ya sace masa takobin gado. Kafin ya kawo shi sai da ya watsar masa da kaya a ƙofar gida, unguwa na kallo. Yaron maraya ne, a hannun Alhaji ya tashi.

Sufeto Muhammadu Lawal ba ya iya zama in magana ba ta zauna masa ba. Ya sa aka ajiye yaron a bayan kanta, ya hau babur ya bi Alhaji gida.

Ɗakin da ake ajiye takobin yana can ƙurya, bayan rijiya da bishiyar darbejiya, ginin ƙasa tun na kakanni. Sufeto ya tura ƙofar. Ta ƙi. Ya sa kafaɗa. Ta ƙi.

"Ba haka ake mata ba," in ji Alhaji. Ya kama ta ta hagu, ya ɗaga, ya tura. Ta buɗe ba ko ƙara.

"Wa ya san wannan?"

"Ni da yaron. Shi ke share ɗakin."

"Iyali fa?"

"Ba sa shiga. Ranar Juma'ar da ya ɓace ma suna biki a Babura. Mu kuma muna masallaci."

A zaure Sufeto ya tsinci ɗan ludo kan tabarma, ba allon ludo kusa.

"Shiriritar yaron da abokansa ce," in ji Alhaji. "Ƙarti su zauna suna ƙaryar aljanu."

Sufeto ya jefa shi aljihu ya koma ofis.

"Caca kuke yi?" ya tambayi Zaharadeen.

"Wallahi ba caca ba ce, yallaɓai. Labari ne, ni nake bayarwa. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin, ya faɗi abin da mutumin zai yi, a jefa ɗan ludo a ga ko ya yiwu."

"Su wa ke zuwa?"

"Haladu tela da Sama'ilu mai gyaran waya."

"Ka taɓa yi musu zancen takobin?"

"Ban taɓa ba."

Ya faɗa yana kallon ƙasa. Sufeto ya fice.

A shagonsa, Haladu ya rantse bai san wasan ba. Sufeto ya ajiye ɗan ludon kan keken ɗinki. Haladu ya sauke ƙafa daga kan keken.

"Don Allah kada Baba ya ji, yallaɓai."

"Labarin me kuke ciki?"

"Wani takobi ake nema a tsohon gida. Akwai rijiya, akwai darbejiya, akwai ɗaki a ƙurya."

Sufeto ya daina zagaya shagon.

"Kun shiga ɗakin?"

"Ina! Ko ƙofar ba mu kai ba. Da mun doshi ƙurya sai Zaharadeen ya jefo mana aljani."

"Wa ke yawan dosar ta?"

"Sama'ilu." Haladu ya yi dariya. "Ɗan ludo ne ya ba shi Dolo, wani ƙato, ƙarfi kamar sa, kai ba komai. Dokar wasa kuwa, abin da mutuminka bai sani ba, kai ma ka kama bakinka. Shi ko Sama'ilu ya fi mu duka kan gado. Kullum rigima. Ya warware abu, mu ce Dolo ba zai iya wannan ba, ya zauna yana huci."

Sufeto ya sami Sama'ilu a rumfarsa bakin kasuwa.

"Ni zaure kawai na sani, yallaɓai. Ban taɓa wuce shi ba. Labarin ma ba ganewa nake sosai ba."

Yana magana hannunsa na harhaɗa wata waya ba tare da ya dube ta ba. Sufeto ya kalli hannun, ya kalli fuskar.

Bayan la'asar ya fito da Zaharadeen. A hanya ya ce masa, "Ka yi mini ƙarya. Gidan kawunka ka sa a labari."

"Shi kaɗai na sani ciki da bai, yallaɓai."

"Yau ka kai mu ƙofar. Kada ka faɗi yadda ake buɗe ta."

Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Haladu da Sama'ilu suka zauna, wani kofur ya tsaya a bakin ƙofa, Alhaji na kan kujera fuska a murtuke. Sufeto ya ce shi ma zai ɗauki mutum, don ya tabbatar ba caca ba ce.

"Kun wuce rijiya," in ji Zaharadeen. "Ga ƙofar ɗakin a gabanku."

"Na tura," in ji Sufeto. Ya jefa ɗan ludo.

"Ba ta buɗu ba."

"Na sake turawa."

"Ta ƙi."

"Na yi mata sallama."

Haladu ya toshe baki. Sama'ilu ya gyara zama.

"Na sa kafaɗa. Na sa goshi. Na koma na sake turawa," in ji Sufeto.

Sama'ilu ya shiga kaɗa gwiwa. Ya cire hula, ya mayar. Sufeto ya ci gaba da turawa yana jifa, yana sosa kai kamar wanda bai taɓa ganin ƙofa ba.

"Haba yallaɓai!" Sama'ilu ya fashe. "Ɗaga ta za ka yi ta hagu, sannan ka tura!"

Alhaji ya miƙe.

Sufeto ya dubi Zaharadeen. "Ka taɓa faɗin haka a labarin?"

"Ban taɓa ba."

Ya juya. "To, Sama'ilu. Dolo ne ya faɗa, ko kai? Dolo bai taɓa zuwa ƙofar ba. Kai kuma ka ce ba ka wuce zaure ba."

Sama'ilu ya buɗe baki.

"Na gane gidan nan ne a labarin," ya ce a hankali. "Na ga yana kare ƙurya, na ce takobin gaske ne. So na yi in ga ko hasashena daidai ne. Da na same shi ƙarƙashin randa, na kasa mayarwa. Yana rumfata, bayan kwali."

"Abokinka yana bayan kanta, kana gyaran waya," in ji Sufeto.

Sama'ilu bai ɗago ba. Kofur ya buga masa ankwa ya tasa shi gaba.

Alhaji ya daɗe a tsaye. Bai dubi yaron ba.

"Kai, Zaharadeen. Kwaso kayanka ka mayar ɗaki."

Zaharadeen ya durƙusa, kai a ƙasa, kamar yadda ya saba gaishe shi kowace safiya.

"Kawu, ka yi haƙuri. Ba zan dawo ba."