Lomar da Mekdes Ta Tare

Azumin Filseta, wanda Kiristocin Habasha ke ƙaurace wa nama a cikinsa, ya ƙare, ruwan ƙarshen damina bai daina zuba a Addis Ababa ba, kuma duk unguwar Kolfe ta gauraye da ƙamshin nama da man shanu. Gida ɗaya ne ba a ɗora nama ba. Mekdes tana durƙushe gaban murhun gawayi, tana juya kabewa da karas da albasa a kasko, waken shimbira yana gasuwa a gefe har ya fara fashewa. Ta barbaɗa yaji ke nan sai ga surukarta, Emama Belaynesh, ta faɗo ba ko ƙwanƙwasa ƙofa.

Tsohuwar ta leƙa kaskon, ta taɓe baki.

"Ke ba a gaya miki an gama azumi ba ne? Ko akuya kika mayar min da ɗa?"

Mekdes ta sunkuyar da kai ta ce abin da mijinta Zerihun yake so ke nan. Shi kuwa gogan yana zaune kan kujera yana latsa waya, kamar ba a kansa ake magana ba. Emama ta zazzage mata tas: jikan mahauta, wanda ya tashi cikin kitse, yau ga wuyansa kamar na zakara, tun farko ta faɗa masa 'yar boko ba ta riƙon miji. Ta fita tana tsaki.

Abin da Emama ba ta sani ba, kafin damina ta sauka Zerihun ya yanke jiki ya faɗi a garejin da yake aiki. Likita ya ce hanyoyin jinin zuciyarsa sun fara toshewa, ya hana shi jan nama da man shanu. Irin ciwon da ya ɗauke mahaifinsa ne, Emama kuwa har yau ba ta cire baƙaƙen kayan makokin mijinta ba. Zerihun ya riƙe hannun Mekdes a gadon asibiti, ya roƙe ta kada uwarsa ta ji. Ta yi alkawari, don tana son sa.

Alkawarin nan shi ya zame mata ƙaya. Ƙannen Zerihun mata suka sa mata suna Uwar Kabewa. A coci ana nuna ta da baki, wai rowa ce ta hana ta sayen nama. Duk ta haɗiye. Kullum da yamma sai ta sake dabara: yau da tafarnuwa da lemun tsami, gobe da gasasshen tumatir, ta shimfiɗa a kan injera, gurasar Habasha mai faɗi, su ci, ruwan sama na dukan kwanon rufi. Zerihun yakan lashe hannu ya ce babu mai girki kamarta.

Sai ranar da ta ɗauko rigarsa za ta wanke, ta ga maiƙo a ƙirji. Ta shinshina. Man shanu ne mai yaji, irin na gidan Emama. Ashe duk rana can yake biyawa.

Da ya dawo ta ajiye rigar a gabansa. Ya fara kame-kame, wai ɗan ɗanɗano ne, wai ba a ƙin abincin uwa.

"Zerihun, ana zagina safe da yamma saboda kai, na yi shiru," in ji ta. "Ni ina tsare maka rai, kai kana zagayawa kana zubarwa. To me nake wa haƙurin?"

Ya rantse ya daina. Ta roƙe shi ya gaya wa Emama gaskiya. Ya ce tukuna, sai ya sami lokaci. Lokacin bai zo ba.

Ranar Lahadi dangi suka taru gidan Emama, aka kawo kitfo, ɗanyen nama yana ninƙaya cikin man shanu. Emama ta naɗe babbar loma da injera, ta nufi bakin ɗanta, ga kowa na kallo. A wurinsu lomar uwa ba a mayar da ita. Mekdes ta dubi mijinta, tana jira ya kau da kai. Sai ta ga ya buɗe baki.

Ba ta san lokacin da ta riƙe wuyan hannun surukarta ba.

Lomar ta faɗi a tire. Emama ta miƙe, ta nuna ƙofa, ta ce tunda ta haifi ɗan nan ba a taɓa shiga tsakanin hannunta da bakinsa ba, Mekdes ta fita kuma ta bar gidansa. Mekdes ta ɗauki mayafinta hawaye na zuba. Kalma ɗaya za ta wanke ta, amma ba ta faɗa ba.

Ta kai bakin ƙofa ta ji muryar Zerihun.

"Emama, ciwon Baba ne da ni. Ni na hana ta faɗa. Ba don ita ba, da tuni kin sake binne wani."

Tsohuwar ta zauna daɓas a ƙasa. Sannan ta fashe da kuka, ta rufe ɗanta da faɗa: ashe da hannunta take ɗura masa ajali yana kallonta? Ta kira Mekdes ta dawo, ta kama hannun nan da ya riƙe ta, ta ɗora a goshinta.

"'Yata, na ci mutuncinki a gaban mutane. A gabansu zan ce ki yafe min."

Daga ranar Zerihun bai ƙara samun mafaka ba. In ya kuɓuce wa matarsa, uwarsa na tsaye. Har mai naman bakin titi an ja wa kunne. Ƙarfinsa ya dawo, yana hawa tudun unguwa ba haki, kafin wata damina kuma Mekdes ta haifi 'ya mace, Emama da kanta ta zo ta yi mata zaman jego.

Mai ƙaunarka ba lallai ne ya ba ka abin da bakinka ke so ba; wani lokaci shi ne mai hana ka, ya kuma ɗauki zagin. Namijin da ya bar matarsa tana shan baƙin jini don ya ɓoye tasa lalurar, ya sani haƙurinta amana ce a wuyansa.