Sunayen da Ke Cikin Dutsen Niƙa

A can wani zamani, an yi wata yarinya mai son sanin kakanninta. Kakarta kaɗai ta san sunayensu, amma tsufa ya sa ba ta tunawa sai ta ji ƙarar dutsen niƙa.

Kullum yarinya sai ta durƙusa tana niƙa gero, Kaka ta lumshe ido tana rera sunayen kamar mai mafarki. Ƙawaye suka kira ta wasa, ta ci gaba da niƙa. Hannuwanta suka yi kanta, ta ci gaba da niƙa.

Wata safiya dutse ya yi ta ƙara, Kaka shiru. Sai yarinya ta ɗauki waƙar, ta rera har ƙarshe.

Kaka ta yi murmushi ta ce, "'Yar nan, su wane ne waɗannan?"

"Mutanenmu ne, Kaka. Bari in maimaita miki."